Kira Ga Masarautar Daura Da Gwamnatin Katsina: A Gwada Maiƙon Ajiyar Zafi A Gine-ginenmu Kafin A Saya

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar. Da Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa. Da shugabannin ƙananan hukumomin Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Da shugabannin manyan makarantun da ke ƙasar Daura.



Bayan gaisuwar ban girma, da addu'ar Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya yi wa Gwamna da sauran shugabanni jagora, ni talakanku ne daga mazaɓar Kusugu, na zo da koke a kan abin da ba a saba kawowa fada ba, wato zafin ɗaki. An saba kawo kukan ruwa da na hanya da na taki. Zafi kuwa mun bar wa ƙaddara. In bazara ta kama sai mu fito da tabarmi tsakar gida, muna addu'ar Allah ya kawo damina lafiya. Rana ta Allah ce, babu mai hana ta fitowa. Amma ɗakin da take gasa mu a cikinsa mu muka gina shi, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan ɗakuna, ajujuwan firamare da ɗakunan haihuwa da ma'ajiyar magani, da kuɗin hukuma aka yi su.

Ranka ya daɗe, daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Daura kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, a inuwa ke nan. Kwanon rufi da rana ke duka kai tsaye kan wuce digiri 60. Ajin da ba shi da silin, ko wanda silinsa ya zube ba a mayar ba, kafin azahar ya zama wurin da malami ke koyarwa daga bakin ƙofa, yara kuma suna gyangyaɗi suna fifita da littattafansu. Kwalayen magani da yawa an rubuta a jikinsu cewa a ajiye su ƙasa da digiri 30, sai ga su a kan kanta a ɗakin da ya fi waje zafi. Maganin da zafi ya rage wa ƙarfi sau da yawa ba ya sauya launi balle a gane, sai dai a sha a ga ciwo bai tafi ba. Kuma abin ƙaruwa yake yi. A ranar 3 ga Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, a cikin kwana huɗun farko na watan nan kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya mutuwar mutum 102. Bamako da Daura ɗamarar Sahel guda ce ta ɗaure su. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki suna taimakon mai hali, amma tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 janareta ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma duk mun ga yadda mafi yawan Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024 bayan lalacewar manyan layukan lantarki. Dole ginin da kansa ya ɗauki wani kaso na aikin.

Kakanninmu sun san haka. Duk wanda ya taɓa shigowa daga rana ya zauna a tsohon zaure a cikin birni, ya san sanyin da ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa. Magini na dauri yakan kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta ruɓa, ya murza tubali, ya ɗora bango mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. Ya jera azarar giginya, ya shimfiɗa zana ko asabari, ya zuba ƙasa ya daɓe, ya shafe da makuba ko laso, ya fitar da indararo. Inda ɗaki ya yi faɗi sai a ɗaure bakan gizo, kamar yadda ake gani a sorayen fada nan Daura, da Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Sirrin sanyin yana cikin nauyin ƙasar. Bango mai kaurin santimita 40 yana da nauyin kusan kilo 700 a kowace murabba'in mita, kuma duk wannan ƙasa sai ta sha zafi ta ƙoshi kafin ta miƙa shi ciki. Zafin da ya bugi bangon da hantsi ba ya isa ɗaki sai bayan isha'i, lokacin da mutanen gida sun riga sun fito waje.

Ban zo in ce kowa ya rushe gidansa ya koma tubali ba. Mutane ba don wauta suka bar ginin ƙasa ba. Yaɓe duk shekara wahala ne da kashe kuɗi, mamakon Agusta kan kayar da soro a kan masu shi, gara tana cin azara, giginyar ma ta yi ƙaranci, filaye sun tsuke ta yadda bango mai kauri ke cinye wuri. Ga kuma ido: an mayar da ginin ƙasa alamar rashi, har mai neman aure yana jin nauyin a ce ɗakin amarya na ƙasa ne. Sai muka koma bulon siminti mai rami a ciki da kwano mai kaurin takarda. Mun huta da yaɓe, amma mun rasa nauyin nan da ke tare mana zafi. Tambayar da masu binciken gine-gine ke bi yanzu ita ce, ko za a iya mayar wa siririn gini abin da kakkauran bango yake yi, ba tare da an mayar masa da nauyin ba.

A nan maiƙo ya shigo. Mai sayar da ƙanƙara ya san wannan ilimi ko bai je aji ba: muddin dunƙulen ƙanƙara bai gama narkewa a cikin kula ba, ruwan da ke kewaye da shi ba ya ɗumi, domin duk zafin da ya shigo wajen narkar da shi yake tafiya. An auna an ga zafin da ke narkar da kilo 1 na ƙanƙara shi ne zai ɗaga kilo 1 na ruwa daga digiri 0 zuwa 80. Kowane abu mai daskarewa haka yake, yana shanye zafi mai yawa lokacin da yake narkewa ba tare da shi kansa ya ƙara zafi ba, in ya zo daskarewa kuma ya amayar da shi. Ƙanƙara a digiri 0 take wannan aiki, don haka ba ta da amfani a bango. Ana neman abin da zai narke a daidai zafin da ɗan Adam ke fara jin takura. Irin wannan kuwa yana nan a ɗakunan iyayenmu mata: man kaɗe, man shanu, man alayyadi, man kwakwa, kitse, duk suna yin tauri da hunturu su saki jiki da bazara. Idan aka tace maiƙon aka ware sinadaran da suka fi ƙarfi, kilo 1 nasa yana shanye zafin da sai kilo 15 zuwa 20 na ƙasa za su shanye in zafin bango ya hau da digiri 10. Ɗanyen man da ba a tace ba bai kai haka ba, wani ko rabi bai kai ba. Ana ɗura shi a ƙananan jakunkunan leda mai ƙarfi ko na alminiyam a shimfiɗa a saman silin, ko a zuba a bututu, ko a jiƙa wani abu mai ƙofofi da shi a gauraya da filasta. Da rana ya narke ya riƙe zafin, da dare ya daskare ya sake shi, gobe ya maimaita. Ba ya shan wuta, ba shi da injin da zai lalace.

Dabarar ma ta riga ta shigo asibitocinmu ta wata ƙofa. Firijin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana, irin wanda ba shi da batir, da rana yake daskarar da ruwan da ke jikinsa, ƙanƙarar nan kuma ita ke riƙe allurai tsakanin digiri 2 da 8 har gari ya waye. Ma'aikatan lafiyarmu sun ga amfaninsa da idonsu.

Sai dai tarihin wannan fasaha a gini ya fara ne da tuntuɓe, kuma ya kamata shugabanni su ji labarin kafin wani ɗan kwangila ya zo musu da hotuna masu ƙyalli. A 1948 wata masaniya 'yar asalin Hangari mai suna Maria Telkes, tare da mai zanen gini Eleanor Raymond, suka gina gida a garin Dover kusa da Boston a Amurka. Suka cika gangunan ƙarfe da tan 21 na wani gishiri mai narkewa a digiri 32, don ya tara zafin rana ya ɗumama gidan da dare. Jaridu suka yi ta yabo. Hunturu biyu abin ya yi aiki, a na uku gishirin ya rabu da ruwansa ya kwanta a ƙasa, gangunan suka yi tsatsa suka fara yoyo. Daga baya aka koma ga kakin da ake samu daga man fetur, har kamfanin BASF na Jamus ya riƙa ƙunshe shi a ƙwayoyi ƙanana kamar gari ana zubawa a allunan silin da na bango. Shi kuma ga tsada, ga kama wuta, ga shi daga fetur. Wannan ne ya sa hankali ya karkata ga man tsirrai da kitsen dabbobi, yanzu har akwai kamfanonin da ke sayar da irinsu a Amurka da wasu ƙasashe.

Ga inda nake roƙon a saurare ni da kyau, Allah ya taimaki Sarki. Yawancin waɗanda ake sayarwa don cikin ɗaki an yi su ne su narke tsakanin digiri 21 da 26, saboda an auna su da yanayin Turai, inda ko da rana ta yi zafi dare kan yi sanyi. Maiƙo ba ya amfani sai ya daskare da dare, don ya sami abin narkewa gobe. A Daura kuwa, a Afrilu da Mayu, zafin waje da asuba kansa yakan tsaya wajen digiri 25 ko fiye, cikin ɗaki kuma ya ɗara haka nesa. Wanda ya sayo mai narkewa a 23 ya sa a silinsa, zai narke a farkon Maris ya zauna ruwa har sai damina ta sauka. Wato a watannin da aka saye shi dominsu, daidai yake da babu. Man kwakwa da man alayyadi, masu narkewa wajen digiri 24 zuwa 28, su ma wannan matsalar za su faɗa. Abin da ƙasarmu ke bukata a cikin ɗaki shi ne mai narkewa kusa da digiri 30 ko sama kaɗan, a ƙarƙashin kwano kuma mai narkewa tsakanin 35 da 45, domin kwano yana saurin hucewa da zarar rana ta faɗi, kuma can ne zafin ya fi taruwa. Haɗa irin wannan ba gagara ba ne. Sinadarin kaprik yana narkewa wajen digiri 31, lorik wanda shi ne kusan rabin man alayyadi a 44, palmitik a 63, sitiyarik a 69, kuma in an gauraya biyu a daidai gwargwado sai haɗin ya narke ƙasa da inda kowannensu ke narkewa. Amma wane haɗi ne ya dace da daren Daura, wannan ba a Jamus za a gano shi ba.

Akwai kuma maganar hunturu, lokacin da sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, mutane su shiga ɗaki da kaskon garwashi, gobara ta yi ta aukuwa. Maiƙon da zai tara ɗumin rana ya saki da dare a Janairu daban yake da na Afrilu. Guda ɗaya ba zai yi aikin biyun ba. A ganina a fara da bazara, ita ce ta fi kisa.

Wane maiƙo muke da shi? Man gyaɗa da na riɗi, waɗanda ƙasar Daura ta fi sani, ba sa daskarewa a yanayinmu, kuma abinci ne. Man kaɗe yana narkewa a inda ake so, daga digiri talatin da 'yan kai zuwa sama, Nijeriya kuma ita ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwarar kaɗanya, har a Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyarta na wata 6 don a riƙa sarrafawa a gida. Amma kaɗanya ta fi yawa a Neja da Kwara da Kebbi da Kaduna, masu yin cakulan da man shafawa kuma suna rububin ta da kuɗin waje. Ba daidai ba ne a ɗauke man da uwa ke shafa wa jaririnta ko take sa wa a tukunya a cusa a bango. Kakin zuma sai a digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, ya yi sama da yawa, ga tsada. Abin da ya rage, kuma shi na fi sa wa rai, shi ne abin da ake zubarwa ko ake sayarwa da araha: ragowar kitse daga mahauta, tunda ga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa a ƙofarmu kuma kitsen shanu yana narkewa a daidai zangon da ƙarƙashin kwano ke bukata, da gurɓin da matatun man girki ke fitarwa wanda masu sabulu ke saye, da man suyar da ya ƙone. Masu bincike a wasu ƙasashe sun gwada jiƙa gawayi da irin wannan maiƙo don ya riƙe shi kada ya tsiyaye, mu kuwa ga ɓawon gyaɗa da karan gero.

Kada in ɓoye aibinsa. Maiƙo yana cin wuta, kuma rufin da aka shimfiɗa wa kilo ɗari na kitse ba abin wasa ba ne in gobara ta tashi. Ɓera da kiyashi za su neme shi. Wanda ba a tace da kyau ba zai yi ɗoyi bayan 'yan watanni. In ya yi yoyo zai ɓata filasta ya raunana ta. Kuma dole ya jure narkewa da daskarewa sau 365 a shekara, sau 3,650 a shekara goma, ba tare da ya canja hali ba. Akwai ma abin da ya shafi addini: a wasu ƙasashen har da kitsen alade ake irin wannan gwaji, don haka duk abin da za a shigo da shi a sa a makarantar Islamiyya ko masallaci sai an san asalinsa, malamai sun duba.

Sannan ga lissafin da ya kamata ya sanyaya gwiwar mai gaggawa. A ɗauki ɗaki mai mita 4 sau 4. In aka shimfiɗa masa kilo 100 na tataccen maiƙo, zafin da zai shanye bai wuce kimanin yunit 4 ba, irin yunit ɗin da ake saye a mitar lantarki. Ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki tana kwashe wannan a cikin awa ɗaya da rabi. Hasken ranar da ke sauka a kan rufin ɗakin nan a yini guda kuwa ya kusa yunit 100. Ba duka ke shiga ciki ba, amma ko kashi ɗaya cikin goma ne ya shiga, ya riga ya fi ƙarfin maiƙon tun kafin la'asar. Ma'ana, a ƙarƙashin tsiraren kwano asarar kuɗi ne. Sai an fara korar zafin daga waje: a shafa wa kwano farin fenti, a sa silin mai kyau, a bar ƙofofin iska tsakanin silin da kwano, a fitar da baranda ta yi wa bangon yamma inuwa, a dasa bedi, a yi tagogi masu fuskantar juna masu raga da ƙarfe don a iya barinsu a buɗe da dare. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 da ya kashe mutane sama da dubu, ya fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, daga baya ya haɗa da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti, aka ga zafin ɗaki na sauka da digiri 2 zuwa 5. Bayan an yi duk waɗannan ne maiƙo zai iya rage kaifin zafin azahar zuwa la'asar, ya tura shi zuwa dare. Shi ya sa ya fi dacewa da ginin da ake amfani da shi da rana a tashi da yamma, kamar aji da ofis, da kuma ma'ajiyar magani. Ɗakin kwana kuwa sai an yi hattara, kada a tara wa mai barci zafin yini a saman kansa.

Saboda haka roƙona na farko ga Mai Martaba ne, domin shi ba ya bukatar kasafin kuɗi. A nan Kusugu da sauran unguwannin cikin birni har yanzu akwai soron ƙasa da ke jingine da ɗakin bulo da kwano, rana ɗaya ke dukansu. Ina roƙon Sarki ya umarci masu unguwanni su nemi yardar magidanta a rataya ƙananan ma'aunan zafi, irin masu rubuta lissafinsu da kansu dare da rana, a cikin gidaje iri-iri, da ajujuwa, da asibitin mazaɓa. Shekara guda ta wadatar a san a wane digiri ɗakunanmu ke kwana a kowane wata, kuma wannan adadi shi zai faɗi irin maiƙon da za a haɗa. Ina kuma roƙon a kira sarakunan sana'a, musamman na magina da na fawa. Tsofaffin maginan da suka iya ɗaurin azara da haɗin makuba suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu sun koma bulo ko acaɓa. A zaunar da su da ɗaliban gini a rubuta abin da suka sani, a kuma hana rushe sorayen tarihi da suka rage ba tare da sanin fada ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna ginin ƙasa bai tsufa ba: masallacin Yama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986, a Dandaji kuma an gina sabon masallaci da matsattsen tubalin ƙasa a 2018 aka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu.

Ga shugabannin makarantu, Allah ya ba Daura abin da ba ta da shi shekaru goma da suka wuce: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya. A Katsina kuma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana da Cibiyar Ibrahim Shehu Shema ta binciken makamashi mai sabuntuwa. Ina roƙon su haɗa kai a gina 'yan ɗakunan gwaji a harabar kwalejin, girmansu ɗaya, fuskarsu ɗaya. Ɗaya a bar shi yadda muke gini yau, bulo da tsiraren kwano. Na kusa da shi a yi masa farin rufi da silin da ƙofofin iska. Na uku a yi masa duk wannan a ƙara maiƙo, in da hali a yi irinsa biyu, guda da kitsen gida guda da wanda aka sayo. Sai na matsattsen tubalin ƙasa, irin wanda Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa ta daɗe tana ƙera injinsa. Bambancin da ke tsakanin ɗaki na biyu da na uku shi ne dukan amsar: in digiri ɗaya ne kacal kuma kuɗin ya ninka, a faɗa mana gaskiya mu haƙura da maiƙo mu riƙe fenti da silin. A auna har bazara biyu, a cinna wa samfurin wuta a fili a gaban jami'an kashe gobara a ga yadda yake ci, a bar wani a inda ɓera ke yawo. Asusun TETFund don irin wannan aka kafa shi. Jami'ar Sufuri ma tana da rabo a ciki, domin da irin wannan dabara ake riƙe sanyin motoci da taragun dakon kayan gwari, ga shi layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ta Daura zai bi. Sakamakon kuma kada ya tsaya a mujallar da ba mai karantawa sai masu neman ƙarin girma. A faɗe shi da Hausa a rediyo, a kafa allo a harabar rijiyar Kusugu inda baƙi da ɗalibai ke zuwa.

Mai Girma Gwamna, abin da nake nema a wurinka kashi biyu ne, ɗaya na bayarwa ɗaya na hanawa. Na bayarwa shi ne ɗan tallafin wannan gwaji, wanda ba zai kai kuɗin gina rukunin ajujuwa guda ba, da kuma duba ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2017, wadda ta yi magana a kan rufi da inuwar tagogi amma ba ta aiki a jiha sai jihar ta karɓe ta. Ko kafin a kai ga doka, Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha da Hukumar Lafiya Matakin Farko suna iya sa sharaɗi a takardun kwangilarsu: kada a karɓi aji ko asibiti sai da farin rufi, da silin, da ƙofofin iska, da itatuwa a yammacinsa. Jihar nan tana da mazaɓu 361, gwamnatinka kuma ta ɗauki aniyar kowace ta sami asibiti mai aiki. In za a gyara su, a gyara su da zafin Afrilu a zuciya. Na hanawa kuwa shi ne kada a amince da kwangilar sayen ko buhu ɗaya na wannan maiƙo don gine-ginen gwamnati, komai kyan takardun da aka zo da su daga waje, har sai sakamakon gwajin Daura ya fito.

Shugabannin ƙananan hukumomi biyar kuma, naku ya fi kowa sauƙi: kowannenku ya zaɓi firamare ɗaya da asibiti ɗaya, a mayar da silin da ya zube, a shafa wa rufin fari, a rataya ma'auni kafin aiki da bayansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ana son lissafin bazara mai zuwa ya shiga hannu, sai ma'aunan sun hau bango kafin ƙarshen Fabrairu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya taimaki Gwamna.

Talakanku,
daga mazaɓar Kusugu, Daura.